Gaskiya ko Jita-jita: Lissafin Kayan Rufin Gida a Sokode da Dapaong

Duk wanda ya ratsa unguwannin Sokode, daga Zongo zuwa Didaure, ko ya zaga bayan garin Dapaong a ƙarshen rani, ba zai rasa ganin gidan da bango ya kai, katako ya hau, amma gefe guda na rufin yana buɗe ba. In aka tambaya, amsar ba ta wuce ɗaya: "Kwano ne ya kasa." Kuɗin da aka tanada sun ƙare, kafinta ya koma wani aikin, hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.

Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan tsadar kasuwa ko son zuciyar ma'aikata. Wani lokaci akwai hakan. Sai dai galibi lissafin ne ya karkace tun kafin a buga ƙusa ta farko, domin mun gina shi a kan maganganun da muka gada muna ji, ba mu taɓa ɗora musu ma'auni ba. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu gwada su a kan gida guda: tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 8, rufinsa mai gangare biyu.

"In ka san yawan ɗakuna, ka san yawan bandir"

Wannan ita ce uwar sauran. Mutum yana Lome, ko Kumasi, ko Jamus inda 'yan Sokode da yawa suke neman abinci, sai ya bugo waya ya ce, "Yaya, ɗaki huɗu da falo, bandir nawa zai ci?" A ba shi amsa nan take, ya aiko da kuɗi daidai da amsar.

Maganar tana da asali. A zamanin soro, tsawon azara ne yake yanke faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunan gari suke kusan kai ɗaya. Magini ya ji "ɗaki biyu", ya san azara nawa zai nema, kuma da wuya ya kuskure. Yau bulo da siminti sun cire wannan iyaka. Ɗaki mai mita 3 a kowane gefe faɗinsa murabba'in mita 9 ne, mai mita 4 kuwa 16 ne, kusan ninki biyu, alhali dukansu "ɗaki ɗaya" muke kiran su. Ga baranda, ga lungu, ga banɗaki, duk suna ƙarƙashin kwano amma ba sa shiga ƙidayar ɗakuna.

Shi kansa bandir ba ma'auni ba ne, ƙunshi ne. A kasuwannin arewacin Najeriya falle 20 aka saba samu a ciki, amma fallen wani kamfani ya fi na wani tsawo da faɗi. Bandir biyar da ya rufe gidan maƙwabci yana iya barin namu a buɗe. Abin da za mu aika wa mai kuɗin shi ne tsawon gini da faɗinsa daga waje, da girman fallen da ke kasuwarmu.

"Faɗin rufi daidai yake da faɗin daɓe"

Ido ne yake yaudararmu a nan. Muna tsaye cikin gini muna duban sama, sai mu ga kamar abin da ke ƙasa shi ne za a rufe. Daɓen gidanmu murabba'in mita 80 ne. Rufin kuwa abu biyu ne suke ƙara masa girma.

Na farko, bakin rufi dole ya zarce bango don ya kare shi daga feshin ruwa da rana. In muka bar santimita 50 ta kowane gefe, tsawo ya koma mita 11, faɗi ya koma 9. Mun tashi daga 80 zuwa 99 ke nan tun ba a ɗaga komai ba.

Na biyu, gangare. Tsani da aka jingina da bango ya fi tazarar da ke tsakanin gindinsa da bangon tsawo, haka ma kwanon da ke hawa zuwa ƙololuwa. In kafinta ya ɗaga tsakiyar rufin da mita ɗaya da rabi, wato gangaren da ya kai digiri 20 da ɗoriya, tsawon kowane gefe daga ƙololuwa zuwa baki zai zama mita 4 da santimita 81. A ninka da mita 11, a haɗa gefe biyu, za a samu murabba'in mita 106. Ƙarin 26 ke nan a kan abin da muka gani a ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin uku. In rufin ya ƙara tsayi zuwa digiri 30, kamar yadda masu sabbin gidaje suke so, ya kai 114.

Ba sai mun iya lissafin makaranta ba. Kafinta yana iya zana rabin rufin a ƙasa da igiya da turaku, a gwada tsawon gangaren da tef, kowa yana kallo.

"A raba faɗin rufi da faɗin falle, shi ke nan"

Wannan kuskuren masu ilimi ne, shi ya sa ba a cika yi masa gardama ba, tunda da alƙalami ake yin sa. A ce fallenmu tsawonsa mita 2 ne, faɗinsa santimita 90. Wanda ya raba daɓe da wannan zai ce falle 45 ya isa.

Amma falle ba ya rufe dukan girmansa. A gefe yana hawa kan ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi, abin da ke cin kimanin santimita 10. A kai kuma na sama yana hawa na ƙasa da santimita 15 zuwa 20, don kada iska ta tura ruwa ta tsakaninsu. Fallen da muka saya mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90 ya koma mita 1 da santimita 80 a tsaye, santimita 80 a kwance. Da wannan gyara, in aka raba faɗin rufin, wato murabba'in mita 106, lissafi zai ba mu falle 74.

Ko wannan ma bai kai ba, domin kwano layi-layi ake jera shi. Tsawon rufinmu mita 11 ne, kowane falle yana rufe santimita 80, saboda haka layi 14 ne a kowane gefe. Daga baki zuwa ƙololuwa kuma falle biyu ba su wuce mita 3 da santimita 80 ba, dole a sa na uku a yanke shi, guntun da ya rage kuma bai isa ya cike wani layin ba. Layi 14, falle 3, gefe 2: falle 84. Mu dubi tazarar da ke tsakanin 45 da 74 da 84. A cikinta ne gidajen da muka ambata a farko suka tsaya.

Wannan ƙidaya tana kuma nuna mana inda sauƙi yake. In ana samun falle mai mita 3 a kasuwa, a haɗa shi da mai mita 2, su biyun sun rufe gangaren ba tare da an yanke komai ba: 28 dogaye, 28 gajeru. Jimillar tsawon kwanon ta sauko daga mita 168 zuwa 140, mahaɗa ta ragu, wurin yoyo ma ya ragu. Masu sayen dogon kwano da ake yankawa bisa oda su ma da layi za su ƙirga, su ba kamfani tsawon gangare, ba faɗin ɗaki ba.

"In kafinta ya ƙara wani abu a kan lissafi, rara yake nema"

Mun sha ganin irin wannan zama a gindin mangwaro. Kafinta ya miƙa takarda, mai gida ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Malam, ai tare muka ƙirga 84, wannan huɗun na mene ne?" Kafinta ya ce, "Alhaji, na ko-ta-kwana ne." Sai fuska ta canza, a soke huɗun.

Zargin bai faɗo daga sama ba. Akwai waɗanda aka taɓa cuta, labarin cuta kuma ya fi na amana saurin yawo. Duk da haka, asara tana cikin aikin rufi kamar yadda guntun yadi yake cikin aikin tela. Falle yakan lanƙwashe a mota, wani ya huje ba daidai ba, bango kuma ba kasafai yake fita cif-cif ba. A rufi mai gangare biyu, ƙarin kashi 5 cikin 100 abu ne na hankali. A rufi mai gangare huɗu, ko mai kwana da kwari inda ruwan sassa biyu ke haɗuwa, akan kai kashi 10 zuwa 15, wani lokaci fiye.

Abin lura shi ne, in gangaren ɗaya ne, faɗin rufi mai gefe huɗu daidai yake da na mai gefe biyu a kan gini guda. Bambancin yana wajen yanka: kowace kusurwa sai an yanke kwano a karkace, guntayen kuma da yawansu ba sa shiga ko'ina. Ga kuma hular ƙololuwa. A gangare biyu layinta ɗaya ne mai mita 11, a gangare huɗu kuwa layi biyar ne.

Maganin zargi shi ne a rubuta ƙarin a layinsa daban, a amince tun farko cewa abin da ya saura na mai gida ne. Falle biyu a ajiye a zaure za su yi rana ranar da reshe ya faɗo kan rufi.

"Kwano duk kwano ne, a ɗauki mai araha"

A shago duk suna sheƙi, bambancin kaurinsu kuma bai kai kaurin farce ba, shi ya sa ido ba ya kama shi. Ma'auni kuwa yana kamawa. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 0.20 nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya da rabi, mai 0.30 kuwa ya kusa kilo biyu da rabi. Ƙarin rabi ke nan na ƙarfe a kowane falle. Wanda ya ɗora bandir biyu masu girma ɗaya a kan sikeli zai san wanne ne mai kauri ko da mai shago bai ce komai ba.

Akwai ruɗani a lambobi ma. Inda ake rubuta kauri da milimita, babbar lamba ita ce mai kauri. Inda ake amfani da lambar geji kuwa abin a juye yake: geji 28 ya fi geji 32 kauri. Mutane da yawa sun ɗauki babbar lamba suna zaton sun sayi mai ƙarfi.

Kauri yana shiga lissafi kai tsaye. Siririn kwano yana buƙatar katako kusa da kusa, in ba haka ba ya lotsa idan an taka shi, ƙusa kuma ta yage shi idan iska ta ja. Abin da aka rage a kuɗin kwano sai ya dawo ta kuɗin katako da ƙusa. Sannan tutiyar da aka shafa wa ƙarfen ita ce ke kare shi daga tsatsa. In ta yi ƙaranci, jan tabo yakan fara bayyana a bakin rufi da ramukan ƙusa. Alminiyon ba ya irin wannan tsatsa, kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma ya fi laushi, yana son ƙusar da aka yi dominsa. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce araha ba ta ado.

"Katako a ɓoye yake, a nan ake rage kuɗi"

Tunda silin zai rufe shi, sai mu ga kamar ba komai in an buɗa tazara. Amma katako shi ne ƙashin rufi, kuma a ƙidayarsa akwai wani ɗan kuskure da ke maimaita kansa. Mu dubi hannunmu: yatsu biyar, tsakani huɗu. In za a jera ginshiƙan rufi a kan bango mai mita 10, a bar mita 1 da santimita 25 a tsakani, tsakanin 8 ne, ginshiƙan kuwa 9. Kullum akwai ƙarin ɗaya.

Haka katakon kwance da ake buga kwano a kansa. In tazararsa santimita 80 ce, layi 7 ne a kowane gefe, 14 gaba ɗaya, kowanne mita 11, jimilla mita 154. In katakon kasuwa mita 4 ne, rabawa za ta ce 39, amma kowane layi sai ya ci uku, wato 42, kuma dole mahaɗarsu ta faɗo kan ginshiƙi. Sai mu gwada katakon da tef a wurin saye, domin sunan da ake kiran sa da ainihin kaurinsa ba kullum suke daidai ba.

Yankin Sokode yana da albarkar itacen tik, wanda Jamusawa suka shigo da shi Togo a farkon ƙarni na 20. Sunansa ya sa muke zaton duk katakon tik ya fi ƙarfin gara. Zuciyar itacen, mai launin ƙasa-ƙasa, ita ce mai juriya. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo gara na cin sa, kuma ƙaramin itace farin ya fi yawa a jikinsa. Ɗanyen katako kuma yakan murɗe idan hunturu ya busar da shi, ya saki ƙusa. Baƙin man mota da muke shafawa a fatar katako yake tsayawa. Maganin gara na gaske, da burushi, da kuɗin mai shafawa, su ma su sami layinsu a takarda.

"Ƙusa da ƙarfen ɗauri ƙananan kaya ne, nauyi ke riƙe rufi"

Wannan imani ne ya sa muke ganin duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano. Mun gaje shi daga soro, wanda da gaske nauyinsa ke zaunar da shi. Kwano ba haka yake ba. Guguwar farkon damina, wadda a yankinmu galibi daga gabas take tasowa, tana bi ta saman rufi ta tsotse shi sama, ta kuma shiga ƙarƙashin baki ta tura. Ƙarfinta ya fi yawa a kusurwoyi da baki da ƙololuwa. Shi ya sa rufi yakan tashi ɗungurungum da katakonsa, a same shi a gidan maƙwabta. Dutsen da aka ɗora kuwa yana iya faɗowa kan mutum.

Abin da ke riƙe rufi sarƙa ce: kwano a ƙuse da katakon kwance, shi a ƙuse da ginshiƙi, ginshiƙi a ɗaure da bango da rodi ko ƙarfen ɗauri da aka binne cikin kankaren saman gini. Ginshiƙanmu 9 suna da ƙafa 18, kowace tana son ɗaurinta. Wannan ƙarfe tun ranar zuba kankare ake sa shi, kafin kafinta ya zo. Tun ran gini, ran zane.

Ƙusa ma ƙirga ta ake yi. Layin kwano 14 yana ratsa layin katako 7 a gefe biyu, wuri 196 ke nan. In kowane wuri ya ci huɗu, an kai 784, ga ƙarin da ake yi a baki da kusurwa, ga hular ƙololuwa. Wajen dubu za mu tanada. Tunda da kilo ake sayar da ita, a auna kwata a ƙirga, a san yawan kilon da za a saya. Ta zama mai hula, a kuma buga ta a kan tudun kwano, domin ta kwari ruwa ke bi.

"Dapaong ba ta da ruwa kamar kudu, a kwantar da rufi a rage kwano"

Gaskiya ne Dapaong, hedikwatar yankin Savanes, ba ta kai Sokode ruwan sama ba. Tana samun wajen milimita 1,000 a shekara, Sokode kuwa ta haura 1,200, kuma ranin Dapaong ya fi tsawo. Tsawon ranin ne yake mantar da mu cewa ruwan nan cikin 'yan watanni yake zuba, mafi yawa a Agusta, sau da yawa da iska.

Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufinmu yana tare ruwan murabba'in mita 99, saboda haka ruwan dare ɗaya mai milimita 50 ya kai lita 4,950, kusan duro 25 masu lita 200. Rufi ba ruwansa da jimillar shekara. Abin da ya sani shi ne ruwan da ya sauka masa cikin sa'a guda. In gangare ya yi kaɗan, ruwa yakan yi jinkirin sauka, iska ta mayar da shi ta mahaɗa, dole a ƙara tsawon hawan falle kan falle.

Me ma aka rage? In muka sauke ƙololuwa daga mita ɗaya da rabi zuwa santimita 70, tsawon gangare ya koma mita 4 da santimita 57. Har yanzu falle uku ne masu mita 2 a kowane layi. Ko falle ɗaya bai ragu ba, sai 'yan katako kaɗan, an kuma matso da zafin kwano kusa da silin a garin da watan Maris da Afrilu suke ƙuna. Gara a bar gangaren, a ƙara indararo da bututu a lissafi, ruwan ya shiga tanki.

"A fara da abin da ke hannu, in ya kasa a ƙaro"

Wannan magana ta fito ne daga halin rayuwa, ba daga sakaci ba. Yawancinmu da kaɗan-kaɗan muke gini, bayan girbi ko idan kuɗin adashi ya fito. Bango yana jure wannan, ana iya barin sa shekara a dawo. Rufi ba ya jurewa: rabin rufi ƙofa ce da aka buɗe wa iska, katakon da ke fili kuma rana da ruwa suna cin sa.

Ga nisa. Yawancin kayan ƙarfe daga Lome suke haurowa ta babbar hanya mai lamba 1, su bi Atakpame su iso Sokode bayan wajen kilomita 340, su wuce Kara da Sansanin Mango kafin su kai Dapaong, fiye da kilomita 600 daga bakin teku. In kwanon ya ƙare a shago, wanda zai zo a mota ta gaba yana iya bambanta a tudu ko launi ko kauri, ya ƙi hawa kan na farko. Wanda ya ƙaro daga kasuwar Sinkase, a kan iyakar Burkina Faso, shi ma ya tafi da guntun nasa ya gwada. Kowace ƙarowa kuma da kuɗin dako da na mota.

Tara kaya sannu a hankali ba laifi ba ne, muddin an san jimillar tun farko, kuma ba a fara bugawa ba sai sun cika. Sai dai a kula da ajiya. Kwanon da aka jibge a ƙasa, ruwa ya shiga tsakaninsa, yakan yi farin tabo, tutiyarsa ta ci tun bai hau gini ba. A ɗora shi kan katako, a ɗan karkata shi, a cikin inuwa.

Idan muka haɗa duka, takardar rufi ba ta wuce shafi ɗaya ba: tsawon gini da faɗinsa, zarcewar baki, tsayin ƙololuwa, layin kwano da girman falle da kaurinsa, hular ƙololuwa, katako iri-iri da tsawonsu, ƙusa, ƙarfen ɗauri, maganin gara, indararo, ƙarin ko-ta-kwana, dako, da ladan aiki. Mai gida da kafinta su rubuta ta tare, tef a hannu, a gindin ginin, a ɗauki hotonta a aika wa ɗan'uwan da ke nesa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa'a guda ta awo a watan Janairu tana iya sa kada mu san wannan wuri ko kaɗan idan Agusta ta zo.